Haƙoran Mai Hawan Kwakwa

Akwai wani mai hawan kwakwa a ƙauyenmu da ke kusa da birnin Thrissur, sunansa Thankappan. Bara, da damina ta ɗauke, haƙoransa biyu na ƙasa suka fara girgiɗi. Ya tafi wurin Velayudhan, mai maganin gargajiya na Ayurveda, abokinsa tun suna yara.

"Cire min su in wuce, bishiyoyi na jirana."

Velayudhan ya duba dasashinsa.

"Ba zan cire ba. A karatunmu, haƙori daga ƙashi yake fitowa. In ya fara motsi babu tsutsa babu ciwo, ƙashin nake zargi. Ka je asibiti a duba ka. Kafin nan kada ka sake hawa."

Thankappan ya tuntsire da dariya. "Kai tsohon banza, da baki nake hawa? Kai da ko kujera ba ka iya hawa!"

A gida ya ba matarsa Omana labarin don ta taya shi dariya. Ba ta yi ba. Washegari ya nemi igiyar da yake ɗaurawa a ƙafa in zai hau, ya rasa.

"Ina igiyata?"

"Tana wurin da ba za ka gani ba, maigida. Je ka asibitin, ka dawo ka ƙaryata abokinka, sai in ba ka."

Don ya ƙaryata shi ɗin ya tafi. Likita ta ce ƙasusuwansa sun yi rauni sosai, ko 'yar dirowar da yake yi in ya kusa ƙasa tana iya karya masa ƙugu. Ta ɗora shi kan magani.

Bai biya gida ba, sai wurin Velayudhan. Ya buɗe baki zai yi magana, abokin ya miƙa masa man riɗi mai ɗumi.

"Guntsa. Kada ka haɗiye, kada ka tofar sai na ce. Dasashin ma yana da hakki."

Thankappan ya zauna kumatu cike, idanunsa sun kawo ruwa. Ya kama hannun Velayudhan da hannu biyu ya ɗora a goshinsa.

"Na ji," in ji Velayudhan. "Kuma ban taɓa jin ka yi magana mai daɗi kamar wannan ba."

Darasi: Wanda ya hana ka abin da ka zo nema don ya tsare lafiyarka, shi ya fi cancantar godiyarka. Ku tura wa abokin da ya taɓa gaya muku gaskiya kuka yi masa dariya.