Rariyar da Munzali Ya Toshe

Akwai wani mutum a Daura, can bayan unguwar Kusugu, ana ce masa Alhaji Munzali. Dillalin shanu ne. Da Allah Ya buɗa masa, sai ya rushe gidan ƙasar da ya gada, ya tayar da na bulo da siminti.

Maƙwabciyarsu ta tudu wata tsohuwa ce, Inna Hadijatu. Tun zamanin kakanni ruwan saman gidanta ta wata rariya yake bi a gindin katanga, ya ratsa tsakar gidan su Munzali, ya fita lungu.

Ranar da ake ɗora katanga ta dogaro sandarta ta ce, "Ɗan nan, ka bar wa ruwa hanyarsa."

Ya ce, "Haba Inna! Gidan siminti ne zai riƙa shan ƙazantar wani? Kowa ya ji da ruwansa." Aka liƙe rariya.

Lokacin ba a daɗe da fara shari'ar Musulunci a jihar ba, mutane suka ce ta kai shi gaban alƙali. Ta ce ita ba ta kai ƙarar wanda ta goya.

Damina ɗaya tak ɗakinta ya jiƙe ya zube. 'Yarta Hussaina ta zo ta tafi da ita garin Zango. Gidan ya zama kango, shi kuwa gogan ko kallon wajen ya daina yi.

A damina ta uku abin ya fara. Ƙofar ɗakin yaransa ta ƙi rufuwa. Bango ya tsage tun daga ƙasa har taga. In aka ajiye kwanon fura, sai ka ga ta karkata gefe guda. Abin da ya fi tayar masa da hankali, da rana tsaka in gida ya yi tsit, yakan ji motsin ruwa a ƙarƙashin daɓe, a hankali, kamar ana alwala. Wani lokaci har sai ya ga kamar ƙarar sanda yake ji a bayan katanga.

Aka yi turare, aka kira masu ruƙiyya, tsaga dai sai ƙara buɗewa take yi. Tsoro ya kama shi sosai, don 'ya'yansa huɗu a ɗakin suke kwana.

Daga ƙarshe aka kawo masa wani tsohon magini, Ɗantsoho. Ya gwada kusurwoyin ɗakin da tiyo mai ruwa, irin na awon magina, ya ce, "Alhaji, wannan kusurwar ta nutse da taƙi guda. Me ke bayan katangar nan?"

"Kango ne kawai."

"Mu je mu gani."

Munzali ya bi shi. Wayyo! Ruwa ne kwance, kore shar, ya jingina da katangarsa, daidai inda ɗakin Inna yake a da.

Ɗantsoho ya ce, "Ga aljaninka nan. Shekara uku yana neman hanya, da bai samu ba ya bi ta ƙarƙashin harsashin ginin."

Mako biyu suna aiki. Suka riƙa tona ƙarƙashin harsashin kaɗan-kaɗan, su tokare, su ɗaga da jak ɗin babbar mota, su zuba dutse da kankare, sannan su matsa gaba. Rariyar kuwa, Munzali da hannunsa ya fasa ta.

Gini ya daidaita, yara suka tsira. Washegari Munzali ya hau babur sai Zango, neman gafara.

Hussaina ce ta fito zaure. Ta ce, "Ai kun makara, Yaya. Inna ta rasu tun watan azumi."

Ya yi salati, ya durƙusa. Da ƙyar ya ce, "Ta yi min baki ko?"

Ta share ido da gefen hijabinta. "Baki? Duk sanda hadari ya haɗo sai ta kasa zama. Tana ta cewa, ‘Ruwan nan ƙarƙashin ɗakin yaran Munzali zai bi. Allah Ka tsare su, ba su san komai ba.’ Sau biyu ta aika a gaya maka, ka ce ba ka nan."

Munzali ya kasa tashi daga wurin.

Darasi: Kada wadata ta sa ka tauye haƙƙin maƙwabci, domin cutar da ka tura masa gidanka za ta dawo. Gini yana gyaruwa, amma neman gafara sai da rai. In akwai wanda ka zalunta, ka je yau. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.