Furen Tabar Mati

Ku gyara zama, ga ta nan, ta Inna Dudu ce.

Tun tana amarya mijinta Mati ke noman taba a fadama. Kullum zai dawo mata da fure a cikin hula, ta goge haƙora su yi jawur. Mati ya rasu, taba ba ta daina tsirowa ba, Inna ba ta daina tsinka ba. Sai masu narka tsofaffin batura suka zauna a saman rafin da ke shayar da fadamar. Tsohuwa ta fara murɗar ciki da rawar hannu.

Jikarta Hansai ta ɗebi ƙasar da ganyen ta kai jami'a aka auna. Dalma ce ta shiga ƙasa, ta hau har cikin fure. Hansai ta tumbuke tabar kaf. Ciwo ya lafa, amma Inna ta juya wa bango fuska.

"Sannu, 'yar boko. Kin warkar min da ciki, kin sake binne min Mati. Ɗauke tuwonki."

Jikanta Barau ya kora jaki zuwa tudu mai nisa, inda ruwan batir bai taɓa kaiwa ba. Ya yi ta jigilar ƙasa har kafaɗarsa ta saɓule, ya cika tukwane, ya shuka irin kasuwa. Da ya yi fure, Inna ta shinshina ta yar.

"Haba maigida, wannan ai ko akuya ta san ba ta Mati ba ce."

Autarsu Ladiyo ta tuna Mati ya taɓa ba wani abokinsa iri. Ta bi ƙauyuka tana ba tsofaffi dariya don ta leƙa bakinsu, har ta tarar da wata mai jan haƙori irin na Inna. Matar abokin ce. Ta ƙullo mata iri a bakin zane.

Aka shuka a tukwanen ƙasar da Barau ya kawo, tushe ɗaya ya rayu. Ran da ya yi fure, Inna ta goge haƙora, ta daɗe tana kallon madubi.

"Mati, ka dawo ke nan," ta ce a hankali. Sannan ta ɗaga murya: "Yunwa za ku kashe ni da ita? A dama kunu!"

Ta ce bayan ranta tukunyar nan ta mutum ɗaya ce, ba a raba tushe ɗaya gida uku.

To jama'a, Hansai, Barau ko Ladiyo, wa za a miƙa wa tukunyar?