Hankicin Ummu Hazim

Akwai wata budurwa a birnin Tanta na ƙasar Masar mai suna Abir, wankan tarwaɗa, da 'yar tawadar Allah a kuncinta na hagu. Barandarsu na kallon ta gidan su Hazim. Duk sanda ta fito shanya sai ta gan shi yana ba furanni ruwa, har furannin suka fara ruɓewa. Ba su taɓa doguwar magana ba. Rannan aka aiko cewa mahaifiyarsa za ta zo ganin Abir.

Kowa a unguwar ya san irin ganin da uwar tasa, Ummu Hazim, ke yi wa 'yan mata. Za ta rungume yarinya ta goga kumatunta, ta ja gashinta kamar da wasa, don ta tabbatar komai na Allah ne. In ta sha gahawar da aka kawo, magana ta yiwu. In ta bar ta ta huce, shi ke nan.

Kwalliyar Abir ba ta wuce kwalli da 'yar hoda kalar fatarta. Amma ranar sai ga Rasha, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, da akwatin kayan kwalliya. Rasha fara ce sol, tana ji da farinta, kuma ta daɗe da sa ido a kan Hazim.

"Haka za ki fita, fuska kamar gindin tukunya?" in ji ta. "Zauna in rufa wa dangi asiri."

Ba ta bari Abir ta wanke maiƙon fuskarta ba. Ta ɗauko hodar ruwa wadda ta fi fatarta haske nesa, ba ta ko gwada a haɓa ba, ta yaɓa, ta sake yaɓawa, ta tsaya cak a muƙamuƙi. Ta ja gira baƙa ƙirin.

Abir ta duba madubi. Fuska fara, wuya nata. Tawadar ta ɓace.

"Rasha, anya bai yi yawa ba?"

"Ke da kika tashi da kwallin kakarki, me kika sani? Tashi, sun iso."

Abir ta san ba daidai ba ne, amma ta tashi ta fita a haka.

Zafi ake yi, ga falon cike da mata. Kafin ta ajiye farantin gahawa, gumi ya fara yanka hanya a fuskarta. Ummu Hazim ta buɗe hannuwa. "Zo nan, 'yata."

Da ta sake ta, sai ga farin shatin kunci a kafaɗar baƙar rigar matar. Ummu Hazim ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tsoma hankicinta a kofin ruwa, ta riƙe haɓar Abir, ta goge rabin fuskar a gaban kowa.

"To, wacce daga cikinsu za mu aura? Ta dama ko ta hagu?"

Aka ji dariyar Rasha daga bakin ƙofa. Gahawa ta huce.

Abir ta daina fita baranda. Yara a layi suka sa mata suna Rabi-da-rabi. Mahaifiyarta ma cewa ta yi, "Ba ki da baki ne da za ki ce a'a?"

Ba a daɗe ba aka ji Ummu Hazim ta yaba da farar yarinyar nan, Rasha, za ta je ganinta. Aka kira Abir ta taya aiki, don a ƙara mata ciwo. Ta je.

Rasha ta iya kwalliyar kanta, runguma ba ta bar shati ba. Amma Ummu Hazim ta riga ta san halin dangin. Ta jawo kofin ruwa.

"Hajiya, ai ni farina na Allah ne," in ji Rasha, tana ja da baya.

"To me ye na tsoro, 'yar nan?"

Hankici ya wuce sau ɗaya. Sai ga baƙaƙen tabo a saman kumatu, ga ƙuraje, aikin man bilicin da kwana da hoda. Abin da ko ƙawayenta ba su taɓa gani ba.

"Waccan dai da na goge na tarar da mutum," in ji Ummu Hazim. "Ke me zan ce na tarar?"

Duk idanu suka koma kan Abir, ana jiran dariyarta. Ta ajiye faranti, ta cire mayafin kafaɗarta ta rufa wa Rasha, ta ja ta ɗaki. Rasha ba ta yi godiya ba. Ba ta kuma sake taka gidan su Abir ba.

Washegari Abir ta fito shanya da kwallinta kawai. Hazim na tsaye, furanninsa duk sun bushe. Ya taɓa kuncinsa na hagu da yatsa.

"Ranar nan Mama ta ce ba ta ga tawadar nan ba sai da ta goge," in ji shi. "Na ce mata ai ita na aike ki gani."

Da Ummu Hazim ta dawo ganin Abir, fuskarta a murtuke take, hankicin kuma na hannunta. Ta goga, bai ɗauko komai ba. Ta shanye gahawar har ƙasa.

Darasi: Ki wanke fuska kafin hoda, ki zaɓi kalar fatarki, ki shafa kaɗan ki haɗa har wuya, kada ki kwana da ita. In madubi ya ce miki a'a, ki buɗe baki ki faɗa. Wadda kuma ta ɓata fuskar 'yar uwarta ta tuna tata ma ruwa na wanke ta. Ki tura wa wata 'yar uwa kafin ta zauna gaban madubi.