Biri da Igiyar Ɗaure Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo mu ji ta da kunne biyu!

Wata shekara dabbobi suka naɗa Biri shugaban cirar gyaɗa. Shi kuwa bai yarda da kowa ba. Ya zo gona da igiya, wai zai ɗaure bakin Zomo da Kurege da tsohuwa Bushiya, kada su ci.

Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, bari kowa ya zaɓi kunyar da zai cira, muna yi muna hira."

Biri ya ce, "Daga hira sai tauna!" Ya ɗaure musu baki tamau.

Da rana tsaka wuta ta kama tarin gyaɗa a bayansa. Kowa ya gani, amma babu bakin ihu. Suna nuna masa, yana ɗaga musu bulala. Kafin ya waiga, rabi ya ƙone.

Da suka kashe wutar da ƙasa, Biri ya kwance su. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai gyaɗa ta zubo daga kumatunsa.

Babu wanda ya yi dariya. Bushiya ta tsince ta zuba a kwando, ta ce, "Gobe ma za mu zo, Malam Biri."

Biri ya sunkuyar da kai, ji yake da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ƙurunƙus! Kan ɗan ɓera, ta ƙare a nan.