Rumfar Inna Tabawa Mai Banda

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta gagari 'yan kasuwar kifi.

A Yawuri aka yi wata mata, Inna Tabawa, mai bandar kifi. Tun tana budurwa take cikin hayaƙi, har ta kai idan ta wuce, ƙanshin tarwaɗa ne ke fara yi mata sallama. Tana da tsohon tabon ƙuna a ƙwauri. Wata shekara tabon ya buɗe ya zama gyambo. Ta shafa man kaɗanya, ta barbaɗa garin sassaƙe, ta ɗaure da tsumma ta koma bakin wuta. Gyambo sai faɗi yake. Duk wanda ya ambaci asibiti sai ta ce, "Ni da ko allura ba ta taɓa shiga jikina ba?"

'Ya'yanta uku ne: Dela, Barau da auta Tasalla.

Dela ce ta lura uwar ta fara ɗingishi, ta matsa mata har ta nuna mata kaluluwar da ta fito mata a matsematsi. Ta san gardamar tsohuwa, sai ta ce ƙawarta ta haihu a Sakkwato, kuma an ce lalle Inna ta zo suna. Tabawa ta sha lalle, ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta riƙo ƙullin kifi na gudummawa. Da mota ta tsaya a ƙofar babban asibiti, ta ce, "Dela, mai jegon ba a sallame ta ba ne?"

"Inna, ke ce mai jegon."

Ta yi faɗa har ta gaji, amma ta shiga. Likita ya yanki ɗan nama aka auna, ya ce gyambon ya rikiɗe ya zama sankara. Ya ce mata miki in ya daɗe yana ruruwa, ga hayaƙi kullum, jiki yakan tara wata irin guba mai cin nama kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ita ke hana rauni haɗewa, ita kuma ke lalata naman har ciwon ya sami hanyar yaɗuwa. Ya ce an zo a kan gaɓa, da an ƙara jinkiri da ya wuce inda wuƙa za ta kai.

Sai dai jininta ya yi ƙasa, ba a tiyata sai an ƙara mata, kuma irin jininta wahalar samu gare shi. Aka gwada dangi kaf, na Barau kaɗai ya dace. Barau ƙato ne, direban jirgin ruwa, wanda ko dorina ba ta sa shi sauya hanya. Amma tsoron allura a nono ya sha shi. Da ya ga ma'aikaciya ta nufo shi, sai ya sulale ƙasa sumamme. Aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya rufe fuska da hula ya miƙa hannu ya ce, "Ku ɗiba, kada dai ku gaya mini." Da jininsa aka yanke ciwon, aka cire kaluluwar, aka dasa mata fata daga cinyarta.

Tabawa na dawowa gida ta lallaɓa wajen banda. Kafin a ankara gefen dashen ya fara baƙi yana ruwa. Tasalla ba ta yi dogon zance ba, ta ɗauke ta cak zuwa ƙauyen mijinta, inda babu kogi balle kifin banda. Ita ke wanke ciwon yadda aka koya mata, ita ke kai ta a duba. Ta fitar da murhu can waje, nesa da ita, saboda hayaƙi. Kullum kwaɗon zogale, wake, gwanda da gwaiba, domin likita ya ce ba maganin sankara ba ne, amma suna taimaka wa nama ya gina kansa. Tabawa ta ce, "Akuya kika mayar da ni?" Har sau biyu tana guduwa, Tasalla na kamo ta a tasha. Kafin kaka fata ta kama, aka sake aune-aune ba a ga komai ba.

Aka yi walima, Tabawa ta taka rawa da ƙafar nan har jikoki na guɗa. A nan ta ce ta bar hayaƙi har abada. Rumfarta ta kasuwa kuwa, wadda fatake ke zuwa tun daga Anacha, ba ta rabuwa uku, za ta ba wanda ya fi ceton ranta.

Ta dubi Dela: ba don dabararta ba, da ciwo ya yaɗu. Ta dubi Barau: ba don jininsa ba, da ba a yi aikin ba. Ta dubi Tasalla: ba don tsaronta ba, da aikin ya lalace. Sai tsohuwa ta ciro makullin rumfar tana murza shi a hannu.

To, jama'a, wa za ta miƙa wa makullin nan?