Zabuwar da Shaho Ya Kasa Ɗauka

An ce a garin Rafin Gawo an yi wani hakimi mai suna Barau, wanda bai sami haihuwa ba sai da furfura ta fito masa. Yaron da aka samu aka sa masa suna Sambo. Don tsananin so, hakimi ya hana shi taka ƙasa. Mota ke kai shi makaranta, ga alewa, ga cincin, ga lemon kwalba. Kafin ya shekara tara, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki. Likitan garin ya ce in ba a sake ba, ciwon suga na tafe. Hakimi ya fusata, ya rantse sai likitan nan ya bar masa gari.

Ran Juma'a da hantsi wanzaminsa, tsoho Nomau, ya zo aski. Ya jiƙa kai, ya wasa aska, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka motsa. Zancen likitan nan ya tuna mini da Lantana mai ƙosai."

Hakimi ya ji aska a ƙeyarsa, ya ce a hankali, "Me ya same ta?"

Nomau ya ce: "Lantana tana da 'ya guda, Indo. Kowane kasko aka kwashe, na farko na Indo ne, a bi da kunu ya sha sukari. Aike kuwa an hana ta, wai kada ta rame. Rannan 'yan mata suka fita gaɗa. Indo ta faɗa hannunsu, suka kasa cafe ta, aka zube ƙasa gaba ɗaya ana dariya. Ta dawo da kuka. Lantana ta ci ɗamara za ta je faɗa, sai surukarta, Iya Tasalla, ta ce, 'Zauna, 'yar nan. Ba ki san labarin zabuwar gindin turmi ba?' Lantana ta ce, 'A'a, Iya.'

"Iya Tasalla ta ce: 'Wata zabuwa ce ta ce 'yarta ta fi ƙarfin bin ciyawa neman fara. Ta zaunar da ita gindin turmi, tana ta kalar tsaki. 'Yan'uwanta na kiwo har bakin rafi, ita tana kwance tana cika. Wata rana shaho ya kawo sura, kowa ya tashi fir, ban da ita. Ya cafke ta, ya yi, ya yi, ya kasa ɗagawa, ya tafi yana tsaki. Uwar ta dinga murna, wai ƙiba ta yi rana. Kashegari aka yi baƙi. Matar gida ta fito neman abin yanka, kowace zabuwa ta haye bishiya. Wa kike tsammani aka samu a gindin turmi? So kan hana ganin laifi, amma ba ya hana wuƙa.'

"Lantana ta kwance ɗamara. Ta koma ba Indo kwaɗon zogale da dafaffen wake da gwanda, ƙosai kuwa biyu da safe, ta sake ta tana bin ƙawayenta rafi. Kafin kaka, Indo ce ke ba da waƙa a dandali. Ka ga, ranka ya daɗe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba."

Nomau ya ƙarasa aski. Hakimi ya nisa ya ce, "Wato ni ne zabuwar."

"Ni dai aski na zo yi."

Hakimi ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Likita ya yi zamansa. A kwashe lemon nan daga gidana. Daga Litinin Sambo da ƙafa zai je makaranta."

Nomau ya naɗe zabirarsa, ya saci kallon tumbin hakimi, ya ce, "Sai dai fa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da yaro ya gani a akushin ubansa, shi yake miƙa wa hannu."

Hakimi ya dubi cikinsa, ya shafa, ya ce, "To, na ji. A nemo mana takalma, ni da shi."