Dakta Kwaɗo da Ƙwayoyinsa

Akwai wani masanin bincike a wani babban asibiti, ana ce masa Dakta Kwaɗo. Ba a gaban idonsa ba dai.

Aikinsa shi ne gano yadda ƙwayoyin jikin mutum ke aika wa juna saƙo. Lafiyayyar ƙwayar jini idan aka ce mata ta daina hayayyafa, sai ta daina. Ta mai kansar jini kuwa kunnen ƙashi gare ta. Dakta ya raini irin waɗannan masu taurin kai a cikin 'yan kwalabe, har ya fara gano maganin da ke sa su ji magana. Kai, mutumin yana da ƙwaƙwalwa, wannan ba a ja.

To, al'adar masu wannan aiki ita ce, in ka raini ƙwayoyi, ka ɗiba ka ba abokan aiki su ma su raina, saboda tsaro. Shi ko Dakta ya sayo ƙaton kwaɗo ya garƙame akwatin ɗumin da suke ciki, ya rataya makulli a wuya.

Farfesar da ke ɗakin kusa da nasa ta ce, "Dakta, ɗan sam mini kwalba ɗaya mana in ajiye maka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni in wahala, ke sunanki ya fito a takarda? Na gode."

Su ƙwayoyin nan kamar jarirai suke. In aka kwana biyu ba a sauya musu ruwan abincinsu ba, sai mutuwa.

Ana nan, ran nan Dakta ya zame a banɗaki ya karya ƙafa. Aka kwantar da shi a asibitin nan nasu, aka ɗaure ƙafar aka rataye ta sama.

Matarsa ta ce, "Baban yara, kawo makullin in kai wa Farfesa."

"Ko gawata ba za ta bayar ba."

"To ai gawar ba a tambayarta, cirewa ake yi."

Da hantsi matar ta fita sayo magani. Dakta ya kwance ƙafa, ya kama ƙarfen ƙarin ruwa ya mai da shi sanda, ya nufi ɗakin bincike yana ɗingishi, rigar asibiti a buɗe ta baya, ɗalibansa suna ta sunkuyar da kai suna "Sannu, Malam." Bai kai ko matakala ba babbar nas ta cafke shi. Ta dawo da shi a keken marasa lafiya, tana yi masa faɗa kamar ɗan da ta haifa.

Sai da abin ya wuce gyara ya miƙa makullin, yana gargaɗin kada a taɓa komai. Farfesa ta buɗe ta tarar jan ruwan abincin nasu ya koma rawaya, ƙwayoyin duk sun taso sama. Babu ko ɗaya mai rai, kuma babu wani mahaluki a duniya da ke da irinsu. Aikin shekaru ya tafi.

Yana kwance yana kallon silin sai ga wani tela ya leƙo, ya zo ganin likitansa ya ji labarin karayar. Daga jinin wannan telan aka samo ƙwayoyin, lokacin da yake kwance ba a san zai tashi ba.

"Likita, sannu da jiki. Yaya amanata?"

Dakta ya faɗa masa gaskiya. Sannan ya yi ƙasa da murya. "Ko za ka taimaka a sake ɗiban kaɗan?"

Tela ya naɗe hannun riga. "Ɗibi har ka gaji. Amma yanzun nan aka ce mini jinina fes yake, babu cutar. Ko in koma in ɗauko maka ita?"

Matar Dakta ta toshe baki da mayafi.

Tela ya sauke hannun rigar a hankali, ya daina dariya. "Ranar da na ba da jinin nan, akwai wata yarinya a gadon kusa da ni. Don irinta na bayar, Likita. Ban san kai kaɗai na ba ba."

Dakta Kwaɗo ya juya fuska bango. Wallahi, duk haushinsa da nake ji, a nan ya ba ni tausayi.

Darasi: Ilimin da aka ba ka don amfanin mutane ba kayanka ba ne kai kaɗai. Ka raba shi tun yana da rai. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, kada ku ma ku sa masa kwaɗo.